Hula da takarda: yadda mulkin mallaka ya sauya ƙasar Ibo

Wanda ya taso a Kano ko Zazzau ya san irin mulkin da Turawa suka yi a Arewa. Sun tarar da sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa, ga alƙali ga baitulmali, sai suka hau bisa wannan tsani suka zauna. A ƙasar Ibo sun lalubi irin wannan tsani ba su same shi ba, suka sassaƙa nasu da hannunsu. Mafi yawan raunin da mulkin mallaka ya yi wa al'ummar Ibo daga nan ya faro: an ɗauke iko daga dandalin gari, inda kowa ke da bakin magana, an damƙa shi ga mutum guda wanda ba ya jin tsoron kowa sai Baturen da ya ba shi takarda.

Sai an fahimci abin da aka rusa kafin a gane girman ɓarnar. Ibo na da wani zance, Igbo enwe eze, wato Ibo ba su da sarki. Zancen bai game ko'ina ba, domin Anacha na da Obi, Aboh da Oguta na da sarakunansu, garin Nri kuma na da Eze Nri, wanda ƙarfinsa na tsarki ne da tsarkake ƙasa daga abin ƙi, ba shi da runduna ko guda. Amma a galibin garuruwa, tushen mulki shi ne umunna, 'yan kaka ɗaya ta wajen uba. Dattijon zuriya ke riƙe da ofo, ɗan guntun itacen da ke nuna gaskiya da izinin kakanni. Maganar da ta fi ƙarfin gida sai a kai ta taron gari, a yi ta kai-kawo har a samu matsayar da jama'a suka yarda da ita. Ƙungiyoyin tsara, wato sa'o'in juna, su ke share hanya da gadin kasuwa da karɓo tara. Dodanni na tsawatarwa da sunan magabata. Mai dukiya yana iya sayen muƙamin ozo, ya sami girma da jar hula, amma girman bai ba shi ikon tilasta wa maƙwabcinsa komai ba. Mata kuma na da nasu ɓangaren mai zaman kansa: umuada, 'ya'yan gari mata da suka yi aure a waje, su ke raba gardamar da ta gagari maza, a wasu garuruwan bakin kogin Kwara kuma akwai Omu, shugabar mata mai iko da kasuwa. Kayan tagullar da aka tono a Igbo-Ukwu a 1959 da 1960, waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 9, sun ishe mu shaida cewa rashin fada bai hana ƙwarewa da fatauci mai nisa ba.

Tun kafin a kafa tuta, Turai ta riga ta taɓa wannan ƙasa ta hanyar cinikin bayi. Tashoshin Bonny da Kalaba sun fitar da ɗimbin mutane, da yawansu Ibo, kuma 'yan kasuwar Aro su ne dillalan cikin ƙasa. Suna da wurin tsafi a Arochukwu mai suna Ibini Ukpabi, inda ake kai shari'ar da ta gagara. Wanda aka ce gunki ya haɗiye, sau da yawa ta bayan gida ake fitar da shi a sayar. Bayan Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin a 1807, manja ya maye gurbin mutum a jiragen ruwa, saboda masana'antun sabulu da injuna na buƙatarsa. Kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki a 1886 ya yi hedkwata a Asaba, sannan gwamnatin Ingila ta karɓe a 1900.

Cin ƙasar ya ba Turawa wahala fiye da yadda suka zata, kuma dalilin a fili yake. A Arewa, faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 ta buɗe ƙofar ƙasa mai faɗi, domin idan fada ta faɗi ƙauyuka kan bi. A nan babu fadar da za a kama. Turawa sun ɗauka Aro su ne kan maciji, suka tura sojoji fiye da 1,500 da 'yan dako fiye da 2,000 daga Nuwamba 1901 zuwa Maris 1902, suka ci Arochukwu suka fasa wurin tsafin. Washegari sai suka ga kowane ƙauye sai an ci shi daban. A yammacin Kwara, ƙungiyar sirri ta Ekumeku ta yi ta yaƙin sunƙuru tun zamanin kamfani har wajen 1914. A yankin Ahiara an kashe wani likita Bature mai suna Stewart a 1905, aka rama da ƙona garuruwa. Salon ya zama guda: a shigo da bindiga mai ruwa, a ƙona rumbunan doya, a tattara bindigogin gargajiya, a kama dattawa a yi garkuwa da su. A 1911 aka tilasta wa Eze Nri Obalike ya sauke ikonsa na tsarki a bainar jama'a.

A wurin miƙa wuya ne ake yin kuskuren da ya haifi sauran. Jami'in soja zai ce a fito masa da sarki. Mutanen gari ba su san me yake nufi ba, wasu kuma suna zaton duk wanda aka miƙa kashe shi za a yi ko a tafi da shi. Saboda haka a wurare da dama sai a ɓoye dattijo mai ofo, a tura bawa, ko baƙo, ko wani marar galihu da ba za a yi kewarsa ba. A wasu wuraren wani mai tsaurin ido ne ke yin gaba da kansa, ko wanda ya ɗan iya Turancin bakin teku. Wannan mutum sai ya dawo da takardar waranti, wato shaidar naɗi daga Bature, da hula, ya zama ɗan majalisar kotun gargajiya. Akwai waɗanda dama manyan mutane ne a garinsu, wannan gaskiya ne. Amma ko su, ikon da takardar ta ba su ya wuce duk abin da al'ada ta taɓa yarda mutum ɗaya ya riƙe.

Kotun ita ce zuciyar tsarin, kuma tana da ma'aikata uku da talaka ya fi jin tsoro fiye da Di'o. Na farko akawun kotu, wanda shi kaɗai ya iya rubutu, shi ke fitar da sammaci, shi ke rubuta hukunci, kuma abin da ya rubuta shi ne abin da ya faru. Na biyu tafinta, wanda ke tsakanin bakin mai ƙara da kunnen Bature. Na uku masinjan kotu, da Ibo suka laƙaba wa suna kotma, mai yunifom, wanda kan isa ƙauye da sammaci ya koma da akuya da kaji. Kotu guda kan haɗa garuruwa da dama da ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba, har da masu tsohuwar gaba, don haka mutum kan tsinci kansa gaban alƙalan da ba su san iyakar gonarsa ba, ba su kuma san al'adar aurensa ba. Kuɗin ƙara da tara su ne kuɗin shigar kotun, sai ya zama yawan rigima riba ce. Dokar hanyoyi ta 1903 ta ƙara wa masu waranti wani makami, ikon ɗibar mutane aikin tilas na kwana shida a kowane wata uku. Wanda ya ba da toshiya ya tsira, wanda ke da jiƙaƙƙa da mai hula shi ne kullum a kan hanya da diga, wani lokacin ma a gonar mai hular.

Haɗe Kudu da Arewa a 1914 ya ƙara dagula lamarin. Gwamna Lugga ya zo da tsarin da ya yi masa aiki a masarautu: Bature ya ja baya, sarki ya yi mulki, a tara haraji a baitulmalin En'e. Aka janye Di'o daga shugabantar zaman kotunan gargajiya. A Kano hakan na da ma'ana, domin akwai alƙali mai littafi da sarki mai majalisa. A Owerri ko Bende, fitar Di'o na nufin akawu ya zama sarkin kotu ba mai duba shi. An kuma ɗaga wasu masu waranti sama da 'yan uwansu don su yi kama da sarakunan yanka. Onyeama na Eke, kusa da Enugu, shi ne fitaccen misali. Ƙarfinsa ya ginu ne a kan samar da leburori ga ramin kwal.

Haraji ya zo a ƙarshe. An yi ƙidayar maza wajen 1926 ba tare da an fito fili an ce don haraji ba ne, sannan aka fara karɓa a 1928. Kafin shekara ta zagayo farashin manja da ƙwarar kwakwa ya faɗi, kayan kanti kuma ba su sauka ba. A ƙarshen 1929 wani Di'o mai riƙon ƙwarya a Bende, Kyaftin Cook, ya ce a sake ƙidaya, wannan karon har da mata da yara da dabbobi. A garin Oloko, mai waranti Okugo ya tura wani malami mai suna Mark Emeruwa. Ya tarar da wata mata, Nwanyeruwa, tana matse manja a gidanta, ya ce ta ƙirga masa awakinta da tumakinta da mutanen gidanta. Ta tambaye shi ko an ƙirga uwarsa. Suka cakumi juna, ta fita da ihu zuwa wurin da mata ke taro.

Abin da ya biyo baya ba hargitsi ba ne, tsohuwar hanya ce da kowace mace ta sani. Idan namiji ya ci zarafin mace ko ya karya dokar kasuwa, mata kan yi masa abin da suke kira zama a kan mutum: su taru a ƙofarsa, su yi ta waƙar zambo suna rawa, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare, ba za su tashi ba sai ya tuba. Matan Oloko suka aika da ganyen kwakwar manja zuwa kasuwannin maƙwabta, kowace ta karɓa ta miƙa gaba. Kwanakin kasuwa huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo, su suka zama waya. Dubban mata suka taru, fuska shafe da gawayi ko farar ƙasa, kai ɗaure da ganye. Buƙatarsu biyu: takardar alkawarin cewa ba za a sa wa mata haraji ba, da hular Okugo. Sun sami duka biyun, aka kuma ɗaure Okugo shekara biyu. Labari na bazuwa, matan wasu garuruwa suka ce su ma sai an ba su hular nasu. Abin ya mamaye lardunan Owerri da Kalaba, matan Ibibio da Andoni da Ogoni da Opobo suka shiga. An rusa ko an ƙona kotunan gargajiya da dama, an fasa kantunan Turawa da bankin Barclays a Aba. A watan Disamba sojoji suka buɗe wuta a Abak da Utu Etim Ekpo da Opobo, aka kashe mata fiye da 50. Ba a kashe soja ko Bature ko ɗaya ba.

Turawa sun rubuta shi da sunan tarzomar Aba. Ibo suna kiransa Ogu Umunwanyi, yaƙin mata, kuma sunansu ya fi dacewa, tun da ba a Aba ya fara ba. An kafa kwamitocin bincike biyu, aka tura jami'ai su rubuta rahoto kan tsarin kowace zuriya, aikin da ya kamata a yi shekara talatin kafin nan. Gyaran da aka yi a 1933 zamanin Gwamna Donald Cameron ya maye gurbin mai waranti guda da majalisar dattawa. Sai dai abin takaicin shi ne, matan da suka zub da jini suka jawo gyaran su ne suka fi kowa asara. An hana zama a kan mutum, aka ɗauke shi ɗaukar doka a hannu. Sabbin majalisun kusan duk maza ne. Bature ya zo da tunanin cewa siyasa ta maza ce, mishan kuma ta fi tura yara maza karatun da ke kai wa ga aikin akawu, mata aka koya musu ɗinki da girki da zaman matar malami. A Anacha, bayan rasuwar Omu Nwagboka a ƙarshen ƙarni na 19, ba a sake naɗa wata ba.

Mishan ta riga gwamnati isowa. A 1857 Samuel Ajayi Crowther da J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne da aka 'yanta a Saliyo, suka buɗe tashar CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika, a Anacha. Katolika suka iso a 1885 ƙarƙashin Fada Joseph Lutz. Shekaru da dama waɗanda suka karɓi sabon addinin galibi na gefe ne: bayi, da osu waɗanda aka keɓe wa gunki ba a aure da su, da iyayen tagwaye da al'ada ke tilasta wa jefar da jariransu a dajin tsafi. Ga waɗannan mutane coci mafaka ce, kuma duk mai adalci zai yarda hana jefar da tagwaye alheri ne. Tururuwar jama'a ta zo ne bayan an ci ƙasar da yaƙi, lokacin da mutane suka ga gumakan da suka dogara da su ba su tare harsashi ba, suka kuma ga wanda ya iya karatu shi ke juya kotu. Fada Joseph Shanahan, wanda ya karɓi jagorancin Katolika a 1905, ya gane haka, ya zuba ƙarfinsa a makarantar ƙauye. Gasa ta ɓarke tsakanin ɗariku, ta kuma haɗu da gasar da dama ke tsakanin garuruwa: idan maƙwabta sun sami makarantar CMS, mu sai mun kawo Fada. Gari kan yi karo-karo ya gina aji, ya biya malami, daga baya har ya tura ɗa guda Ingila ko Amurka. Kwalejin Methodist ta Uzuakoli ta buɗe a 1923, makarantar tunawa da Dennis a Anacha a 1925, kwalejin gwamnati ta Umuahia a 1929, ta Christ the King a 1933. Yarabawa sun riga su da shekaru masu yawa, amma cikin tsara ɗaya Ibo suka cike giɓin.

Kuɗin da aka biya shi ne rabuwar gida. Sabon Kirista ba ya cin naman yanka na kakanni, ba ya shiga dodo, a wasu wuraren ma tona asirin dodon yake yi a gaban mata. An daɗe ana jayayya kan ko Kirista zai iya karɓar ozo. Mai mata da yawa sai ya saki saura kafin a yi masa baftisma, ba tare da an tanadi inda waɗanda aka saki za su nufa ba. Girma ya juye, yaro ɗan shekara ashirin mai alƙalami ya fi mahaifinsa mai rumbun doya faɗa a ji. Wariyar osu kuwa ta fi coci taurin kai. Majalisar Jihar Gabas ta haramta ta a 1956, amma har yau tana ɓullowa idan ana binciken aure.

Harshen ma bai tsira ba. A 1913 aka fitar da Baibul cikin wata Ibo ta haɗaka da Archdeacon T. J. Dennis ya harhaɗa daga karin harshe biyar, ta zama Ibo ta coci wadda babu garin da ke magana da ita. Daga 1929 aka shiga rigimar haruffa, Katolika da gwamnati a gefe guda, CMS a ɗaya gefen, ba a daidaita ba sai da kwamitin Onwu ya fitar da matsaya a 1961. Shekara talatin kenan ana gardamar yadda za a rubuta wasali, alhali iyaye na matsa wa 'ya'yansu su kama Turanci. Hausa ta shiga zamanin boko da tsohuwar al'adar ajami da hukumar da ke buga mata littattafai a Zariya, Ibo kuwa ta shiga da rabuwar kai. Ƙoƙarin F. C. Ogbalu da ƙungiyar raya harshe da ya kafa a 1949 ne ya fara ɗinke ɓarakar.

Ta fuskar tattalin arziki, manja ya sake raba aiki a cikin gida. Namiji ke hawa bishiya ya sare nonon kwakwa, mace ke dafawa da daka da matsewa, kuma bisa al'ada ƙwarar tata ce. Da ƙwara ta yi daraja a Turai sai maza suka fara sa ido a kanta. Manyan kamfanoni irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, su ke yanke farashi. An hana shigo da kuɗin wuri a 1904, aka tilasta biyan haraji da kuɗin Ingila, munduwar tagulla da ake ciniki da ita kuma aka janye ta a 1948 zuwa 1949. Duk mai tari a tsohon kuɗi ya ga dukiyarsa ta zagwanye a hannun 'yan canji. Annobar mura ta 1918 ta kwantar da manoman doya, rogo ya bazu saboda ba ya cin wahala, kuma shi ma mata ne suka rungume shi.

An gano kwal a Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, layin dogo ya haɗa Enugu da sabuwar tashar Fatakwal a 1916. Garuruwan biyu haihuwar mulkin mallaka ne. A ramin Iva Valley ne 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949 saboda rigimar albashi, kisan da ya haɗa kan 'yan kishin ƙasa na Gabas da Yamma. Layin ya ci gaba arewa ta Makurɗi da Kafanchan, kuma shi ya kwaso akawuna da makanikai da 'yan tireda daga ƙasar da ke da cunkoson jama'a da ƙarancin gona zuwa Jos da Kaduna da Kano. Nnamdi Azikiwe a Zungeru aka haife shi a 1904, Odumegwu Ojukwu ma a can a 1933. Gwamnati ta zaunar da baƙin a Sabon Gari, nesa da birni da alƙalinsa, don haka maƙwabta suka yi shekaru suna haɗuwa a kasuwa kawai.

A waɗannan unguwannin baƙi ne mutumin Nnewi da na Owerri da na Abiriba, waɗanda a gida kowa sunan garinsu yake amsawa, suka fara jin kansu abu ɗaya, domin kowa da suna ɗaya yake kiransu. Ƙungiyoyin ci gaban gari suka tsiro, suna tara kuɗin wata, suna kai gawa gida, suna gina makaranta da asibiti, har suka dunƙule suka zama Ibo State Union a 1948. A cikinsu tsohon taron dandali ya sake rayuwa, da shugaba da sakatare da littafin tara. Ita kuma hular ba ta mutu da 1929 ba. Gab da samun 'yanci aka kafa majalisar sarakuna a Jihar Gabas don ta yi daidai da na Arewa da Yamma, sannan daga 1976 gwamnatocin soja na Anambra da Imo suka ba kowace al'umma mai cin gashin kai damar fitar da Eze ko Igwe, wanda gwamna zai ba sanda da takardar shaida. A garuruwa da dama, zuriyar masu waranti na farko su ne suka fito neman kujerar, hujjarsu ita ce kakansu ya yi sarauta, kuma ire-iren waɗannan ƙararraki na cikin abin da manyan kotunan Awka da Owerri ke saurare har yanzu.